Tarihin Malam Madori: daga Bayajidda za mu fara ko daga tashar jirgi?

Malamin Aji Shida ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa na wannan zaure.

Ƙungiyarmu ta matasan gari za ta buga ɗan littafi da za a raba a taron da muke yi bayan Babbar Sallah, lokacin da 'yan garinmu mazauna Kano da Kaduna da Legas suke gida. An ba ni shafi biyu in rubuta tarihin Malam Madori, wai tunda ni malamin makaranta ne. Na karɓa da rawar jiki, na ɗauka aikin yini guda ne. Yau sati uku ke nan, layi huɗu kawai na rubuta: muna ƙasar Haɗeja, jirgin ƙasa ya ratsa ta nan, an yi jihar Kano a 1967, an yi Jigawa a 1991. Wannan ai ba tarihi ba ne, allon gefen titi ne.

Inda na cije shi ne mafari. Shugabanmu ya ce in fara daga Bayajidda, domin Garun Gabas a cikin ƙaramar hukumarmu take, kuma kowa ya san ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai. Ya ce duk garin da ya buga littafi daga can yake ɗauko zare, mu ma ba za a bar mu a baya ba. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ranar Talata ina cikin darasi, wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba ma, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in Garun Gabas ta girme mu, me ya sa su ne suke zuwa sakatariya a nan, ba mu muke zuwa can ba?" Na ce ta zauna, za mu dawo kan maganar. Har aka kaɗa ƙararrawar tashi ban dawo ba.

Ni ɗan 1989 ne. Dalar gyaɗa a hoto na san ta. Tsohuwar tasha kuwa wurin da muke buga ƙwallo ne muna yara. Don haka nake roƙon manya: waɗanne abubuwa ne suka mai da wurin nan gari, kuma a wace shekara? Ba jerin sunayen masu mulki nake nema ba, wannan na samu a ofis. Abin da zan iya gaya wa yarinyar nan ranar Litinin nake so.

Jikan Biram ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ka gaishe min da shugabanku, ka ce masa ya sakar mana kakanmu. Kun karɓe kasuwa, kun karɓe sakatariya, yanzu kuma Bayajidda za ku haɗa da shi? Haba dai.

Tunda malami ne kai, bari in tuna maka yadda labarin yake. Da Bayajidda ya baro Barno da matarsa 'yar Mai, wato sarkin Barno, a Garun Gabas ya bar ta, nan ta haifi Biram, shi kuma ya wuce Daura. Bawo a Daura aka haife shi daga baya, kuma 'ya'yan Bawo ne suka yi sarautar sauran shidan: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Ka ga ke nan mu baffanninsu ne. In Bakano ya yi min ɗagawa a mota, wannan nake karanta masa.

Kafin jihadi ƙasar nan ba dunƙule take ba. Ƙananan sarautu ne, Auyo da Haɗeja da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, kowa da sarkinsa, kuma Barno suke bi ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Fulani ne, Umaru da ƙaninsa Sambo, suka haɗe su ƙarƙashin tuta ɗaya, Sambo ya zauna a Haɗeja wajejen 1808. Daga nan namu tauraron ya fara dusashewa, tun babu wanda ya yi mafarkin jirgi. Sai Sarki Buhari da ya ƙi bin Sakkwato ya gagari kowa har ya rasu a yaƙin Gwaram a 1863. Sai 25 ga Afrilu 1906 da Turawa suka shiga Haɗeja da bindiga, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya aka kashe shi da jama'arsa masu yawa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada.

Duk wannan ka sa a littafinka in ka ga dama, domin tarihin ƙasar Haɗeja ne, da mu da ku duka a ciki muke. Amma ka rubuta shi da sunan ƙasa, kada ka rubuta shi da sunan garinku. Garinku ka nemi masu gyaɗa su ba ka labari.

Tsohon Akawu ya rubuta:

Jikana ne yake danna min wannan abin, ni ina faɗa. In kun ga kuskure, nasa ne.

Ɗana malamin makaranta, Allah ya yi maka albarka. Ka bar wa mutumin Garun Gabas kakansa. Gaskiya ya faɗa, ko da yake ya barbaɗa mata yaji. Mu uwarmu gyaɗa ce, ubanmu layin dogo, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Ka fara daga 1911, shekarar da jirgi ya iso Kano. Turawa auduga suka sa rai za su riƙa kwasa, manoma suka auna suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga shi in ciniki ya ƙi ana iya cinye ta, auduga kuwa ba a miya da ita. Daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano. Da abin ya bunƙasa sai aka ja reshe ya yi gabas, ta Ringim da Gagarawa, ya biyo ta nan, ya wuce Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930. Zamanin Sarkin Haɗeja Usman ke nan. Wannan shekarar ka ja mata layi biyu a ƙasa.

Ka ɗauko taswira ka duba abu guda: layin bai shiga Haɗeja ba. Ya bi tudu ta arewa da kogi. A nawa ganin dalilin a fili yake. Haɗeja tana bakin ruwa, ƙasar fadama da ambaliya, gyaɗa kuwa jigawa take so, rairayin da za ka tuge ta da hannu ta fito ba gardama. To sai ya zama birni mai ganuwa da sarki da tarihi, in zai hau jirgi ko zai aika kaya, sai ya zo wurinmu. Masu sayen gyaɗa na Arewa a lokacin, kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da GBO, da Kwara 'yan Sham da Labanan, da attajiran Kano irin su Alhassan Ɗantata, duk idonsu a kan tashoshin layin nan yake. Inda aka kafa sikeli nan kuɗi yake sauka, inda kuɗi ya sauka nan mai tuwo da tela da mahauci da malamin allo suke sauke kayansu.

Mahaifina daga ƙasar Damagaram ya zo, a ƙasa, shi da 'yan uwansa biyu. Aikin tilas da harajin Faransa suka gudar wa. Ci-rani ya zo yi, wata huɗu ya yi niyya. A nan aka binne shi. In ka bi unguwanninmu gida-gida ka tambayi kakan kowa, za ka ji Barebari, za ka ji Mangawa, za ka ji Kanawa da Katsinawa da Buzaye da Nufawa da Yarbawa. Garin baƙi ne, shi ya sa ba mu iya yi wa baƙo gori.

Mahaifina dako ya fara yi. Ni an haife ni a 1946, kuma tun ina ɗan shekara goma nake kai masa fura tasha. Bari in gaya maka yadda safiyar kaka take. Tun kafin rana ta fito, cikin hazon hunturu, za ka ji kukan jakuna. Layi guda ne daga bakin gari, kowane da mangala, raƙuma kuma daga arewa suna tafe a hankali kamar ba su da gaggawa. 'Yan baranda ba sa jira a iso, can bayan gari suke tarye manomi, wannan ya riƙe igiyar jaki, wancan ya miƙa goro, "Baba, wurin maigidana za ka, akwai gishiri kyauta." A zube gyaɗar, a tankaɗe ƙasa da tsakuwa, a ɗura a buhun algarara, a ɗinke da basilla. Ma'aikacin gwamnati mai duba gyaɗa ya zo da wani ƙarfe mai rami ya soka wa buhu, ya zaro 'ya'yan ya duba a tafin hannu. In ya ga ruɓaɓɓu ko fasassu sun yi yawa, a farke buhun a sake. Buhu goma sha uku ne tan ɗaya. Wannan lissafin ko cikin barci ka tashe ni zan ba ka.

In taragu sun yi jinkiri sai buhuna su taru, a nan ake yin dala. Mutane sun ɗauka Kano kaɗai aka yi dalar gyaɗa. A nan ma an yi, da idona na gani, kuma kan ubana ne ya ɗauki wasu daga cikin buhunan. Buhunan kansu ne matakala. Mutum ya ɗora buhu a ka, ya hau da gudu-gudu yana waƙa, na sama ya karɓa ya jera. Tsakiyar kan mahaifina babu gashi ko ɗaya, ba sanƙo ba ne, buhu ne ya cinye. Da yamma in ya dawo, uwata ta gasa masa wuya da tsumma da ruwan zafi. In an gama dala a lulluɓe ta da tampol, mu yara mu riƙa zagayawa muna tsintar wadda ta zube, mu kai wa masu ƙuli su ba mu kwabo.

Mahaifina ya rantse ba zan yi dako ba, ya sa ni makaranta. A 1964 na zama akawun wani mai lasin sayen gyaɗa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, jikokinsa na nan muna gaisawa. Sati na biyu da fara aiki wani dattijo ya zo da kayan jaki huɗu. Aka ɗora a sikeli. Ina duƙe ina rubutu, sai idona ya kai ƙasa, na ga babban yatsan ƙafar yaron maigida a ƙarƙashin farantin sikelin, yana ɗan tallafe shi. Aka faɗi nauyi. Na ɗaga kai, dattijon ni yake kallo, ba sikelin ba. Ya ce, "Yaro, rubuta abin da Allah ya gani." Na rubuta abin da aka faɗa min. Shekara sittin ke nan, na je Makka sau biyu, maganar nan ba ta bar ni ba. Ka sa wannan ma a littafin in shugabanku zai yarda, domin da irin wannan yatsan aka gina wasu manyan gidajen da kuke gani.

Amma babban awon ba a tasha ake yin sa ba. Tun 1949 aka kafa hukumar da ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Mu Makatin Bod muke ce mata. Ita take yanka farashi a farkon kaka, ƙasa da abin da ake sayarwa a Ingila, rarar ta riƙe. Da rarar aka yi ayyuka da dama a Arewa, ban musa ba. Sai dai manomin da ya zo da jaki huɗu bai san ana bin sa wannan bashin ba.

Sai 1966. Yawancin ma'aikatan reluwe da masu kantuna 'yan kudu ne. Da rikici ya tashi suka tafi. Maƙwabcinmu wani tela ne Ibo, Mai Keke muke ce masa, Hausarsa ta fi tawa. Da dare ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ba mahaifina makullin shagonsa, bai ce komai ba sai "Sai Allah ya yi." Mahaifina ya ɗauko keken ɗinkin ya sa a ɗakin uwata, ya rufe da zane, duk wata sai ya ɗiga masa mai. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, da shekara guda, sai ga mutumin ya dawo, ya rame har ban gane shi ba. Aka fito masa da kekensa. Ya taka, ya ji yana juyawa, ya zauna a ƙasa yana kuka. A shekarun nan jirgi ya yi ta cijewa don babu ƙwararrun hannu, gyaɗa ta yi ta jira a ƙarƙashin tampol. Daga lokacin manyan motoci suka fara cin kasuwar jirgi.

Abin da ya karya mu kuwa a jere ya zo. A farkon 1973 aka canja kuɗi, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, tsofaffi suka yi ta rikicewa a kasuwa. A shekarar kuma fari ya kai maƙura, shanu suka mutu, mutanen arewa suka kwararo. Muna cewa za a farfaɗo, sai 1975 kuturtar gyaɗa ta sauka. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ita ce take yaɗa ta. Na je gonar mahaifina a watan da ya kamata ganye ya rufe ƙasa, na tarar da ita ta tsugune, ganyen ya yi rawaya ya murɗe kamar an ƙona. Ka tuge ka ga babu komai a ƙasa. Ko irin da aka zuba ba a mayar ba. Manomi ba wawa ba ne, shekara ta gaba gero da wake ya shuka. Gwamnati kuma ta samu man fetur, ba ta da sauran buƙatar jakinmu. Da aka rushe su Makatin Bod a 1986, gawa aka binne, ta daɗe da mutuwa.

To me ya hana garin mutuwa tare da ita? Titi. Hanyar da ta taso daga Kano ta Gumel zuwa Haɗeja ta nan ta bi, ga kuma wadda ta yi Birniwa da Nguru. Kuma mutane sun riga sun saba, ƙafar da ta koyi zuwa wuri da kaya ba ta saurin mantawa. Ni da na bar aikin akawu shago na buɗe, ƙofarsa tana kallon tasha. Wata rana na zauna tun safe har azahar, awaki kawai suka wuce ta gabana, hayaniya duk tana bayana. Na kira magini ya toshe ƙofar, ya fasa wata ta ɓangaren titi. In ka zo zan nuna maka, shacin tsohuwar ƙofar yana nan a bango.

Yarinyar nan taka mai hankali ce. Ka ce mata sakatariya kasuwa ta biyo, kasuwa sikeli ta biyo, sikeli kuma jirgi ya biyo. Jikana ya ce hannunsa ya gaji.

Hajiya 'Yar Mai Ƙuli ta rubuta:

Baba Akawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na karanta har na yi ƙwalla wajen Mai Keke. Amma Baba, da izininka, kun ƙirga buhu goma sha uku ba ku faɗi wanda ya ɓare gyaɗar ba.

Mata ne. Kafin injin ɓara na hannu ya yaɗu, a turmi ake sussuka ta, a sheƙe, a tsince. Innata ta ce in kaka ta yi, tafin hannunsu har tsagewa yake. Wadda kuma mai duba gyaɗa ya ƙi, ba zubar da ita ake ba, gidajenmu take dawowa, a soya, a daka, a matse mai, a yi ƙuli da tunkuza. Da kuɗin man nan Inna ta yi wa 'ya'yanta mata biyar kayan ɗaki, ba da kuɗin dala ba.

Ni na riski jirgin fasinja ina yarinya. In ya yi kuka daga nesa, sai ka ga 'yan talla sun fito kamar an fasa gidan tururuwa, mai fura, mai dafaffen ƙwai, mai rogo da ƙuli. Ta taga ake ciniki. Abin da muka fi tsoro shi ne a karɓi kaya jirgi ya motsa ba a miƙo kuɗi ba. Na taɓa bin tarago da gudu har ƙarshen dandamali saboda kwabo biyar, mutumin yana dariya, sai da ya ga zan faɗi ya jeho min. Na tsince shi a cikin duwatsun layi, gwiwata tana jini.

Malam, ga shekaru biyu da nake so ka sa, tunda maza ba za su tuna ba. Ta farko 1976, da aka buɗe makarantar firamare kyauta ga kowa. Mai unguwa ya riƙa bi gida-gida yana rubuta yara. Kakata ta ɓoye ni a cikin rumbu, na yini a kan gero ina atishawa, atishawar ce ma ta tona mana asiri. Ba don ranar ba da yanzu ba ni nake rubuta maka wannan da hannuna ba. Ta biyu 1979, da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, lokacin muna jihar Kano. Kafin nan duk shekara sai babanmu ya kama akuyar Inna ya sayar ya biya, wai aro, har yau ba a biya ta ba. A shekarar akuyar ta kwana a gida.

Sannan ruwa. Garin rairayi ne, rijiya da zurfi. Wanda bai ja guga da asuba cikin sanyi ba, ba zai gane abin da famfo ya yi wa mata ba. Ka zauna da tsofaffin matan kowace unguwa su gaya maka lokacin da aka kafa musu famfon farko. Za su ba ka shekarar daidai, domin da goyon da ke bayansu suke lissafi.

Ɗan Riɗi ya rubuta:

Iyayena ku yi haƙuri, zan ɗan saɓa. Malam, don Allah kada ka rubuta littafin nan kamar takardar ta'aziyya. Duk wanda ya tashi maganar garinmu sai ya ce "da can", kamar yanzu kango ne. Garin yau ya fi na zamanin dala girma nesa ba kusa ba, ku dubi inda gidaje suka kai.

Ni ina ganin 27 ga Agusta 1991 ta kai 1930 nauyi. Ranar Babangida ya yanke Jigawa daga Kano. Na san mutanen ƙasar Haɗeja sun so a ce hedikwata a nan ɓangaren take, aka kai Dutse, har yau wasu dattawa ba su huce ba. Amma kafin nan mu 'yan can ƙarshen jihar Kano ne, wanda ake tunawa da shi in an gama da na kusa. Yanzu ƙananan hukumomi 27 ne, namu kason yana zuwa, albashin malamai da ma'aikatan lafiya a kasuwar nan ake kashe shi. Jami'ar jiha tana Kafin Hausa, ta tarayya tana Dutse tun 2011, ƙannenmu ba sai sun je Zariya ba.

Kuma sikeli bai mutu ba, Baba, kaya ya canja. Rairayin da ya yi gyaɗa shi yake yin riɗi da zoɓo. Ni abin da nake saye ke nan. Tirela take ɗauka zuwa Dawanau ko Legas kai tsaye, riɗin ya tafi Japan da Turkiyya da Sin, zoɓon ya tafi Meziko. Bambancin shi ne yanzu babu Makatin Bod, kuma manomi yana da waya. Kafin ya ɗora buhu a kan babur ya kira Maigatari ya kira Gumel ya ji farashi. In ka rage masa naira ɗari ya juya. Yatsan ƙafa kuwa yana nan, sai dai yanzu ta ɓangare biyu ne: mu ana zarginmu da taɓa sikeli, su kuma wasunsu suna zuba mana yashi a riɗi. Shekaran jiya na tankaɗe buhu ɗaya na fitar da kusan kwano biyu.

Jirgi kam na cire rai. Sabon layin da aka fara a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina zai bi, da reshe zuwa Dutse. Bai san da mu ba. Mutumin Garun Gabas, matso mana a benci.

Jikan Biram ya rubuta:

Bismillah, akwai wuri. Mun shekara ɗari biyu a kai, ya yi santsi.

Malamin Aji Shida ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai wa shugaba abin da kuka rubuta. Mun yi ja-in-ja, a ƙarshe ya yarda Bayajidda ya samu sakin layi ɗaya da sunan ƙasar Haɗeja, sauran a fara daga 1930. Maganar yatsan ƙafa ce ya ce sai kwamiti ya zauna, domin wasu daga cikin waɗanda za su ba da gudummawar buga littafin jikokin masu sikeli ne. Na kuma roƙi a ƙara min shafi ɗaya saboda maganar Hajiya, an ce sai an ga kuɗin takarda.

Yarinyar na ba ta amsa yau. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam, in titin ma ya koma wani wuri fa?" Na ce ta je ta tambayi kakanta.

Baba Akawu, in ba damuwa zan zo ranar Juma'a bayan la'asar in ɗauki hoton bangon nan. Ko akwai wata takarda ta zamanin da ta rage a hannunka?

Tsohon Akawu ya rubuta:

Akwai littafin awo na kakar 1964 a cikin adakata, gara ta ci bayansa amma gaban yana nan. Shafin dattijon ma yana ciki, da rubutuna. Ka zo da wuri, idona ba ya gani in rana ta yi sanyi. In ka iso kada ka tsaya ta wajen tasha kana sallama, babu ƙofa a nan, ka zagayo ta titi.